Zauren Waya Ma Yana Bukatar Maigida

A wannan fitowa muna so mu taɓo maganar da kowa ke yi a ƙarƙashin rumfa amma ba wanda ya yarda ya kawo ta gaban taro, watau batun zauren nan namu na WhatsApp, da ɓarnar da ta auku a cikinsa gab da Babbar Salla, da kuma abin da muke ganin ya kamata a yi tun kafin a sake yi mana sakiyar da ba ruwa.

Wanda bai ji labarin ba, ga shi a taƙaice. Wani mutum da babu wanda ya san fuskarsa ya shigo zauren, ya yi wajen wata biyu yana gaisuwar Juma'a, yana amsa amin ga kowace addu'a, in an yi rasuwa kuwa shi ne na farkon ta'aziyya. Da kasuwa ta fara zafi sai ya sako bidiyon wasu bijimai gudali masu tozo, ya ce suna tsaye a Meiganga, mai su yana cikin matsi, zai sallama da sauƙi. Mutum uku daga cikinmu suka tura kafin alƙalami ta waya. Ɗaya a cikinsu yaro ne da bai daɗe da fita daga hannun maigidansa ba, rabin jarin da ya yi shekaru yana tarawa ya tura. Washegari aka kira lamba, a kashe. Daga baya aka gane cewa bidiyon ma tsoho ne, ya daɗe yana yawo a wayoyin mutane, wataƙila ma an riga an cinye naman shanun tun bara.

Kada mu ɗora wa wani laifi mu tsame kanmu. Mu da muke wannan rubutu mun ga bidiyon, mun yaba shanun a fili, har ɗayanmu ya aika murya yana cewa Masha Allah, kaya sun yi. Yaron nan ya gaya mana da bakinsa cewa jin manya sun yaba ne ya sa hankalinsa ya kwanta. Da aka zo binciken wanda ya shigo da mutumin, sai aka rasa. Ashe mahaɗin shiga zauren ya daɗe yana yawo daga wannan waya zuwa waccan, duk wanda ya taɓa shi ya shigo, ba sallama, ba wanda ya ce daga ina.

To, wasu dattawanmu sun ce a rufe zauren kawai a huta, da can da ba waya ai mun yi kasuwanci. Muna girmama su, amma ba mu tare da su a nan. Duk wanda ya yi fataucin shanu a shekarun 1990 bai manta wahalar rashin labari ba. Mutum zai loda taragu a Ngaundere, ya kwana ya wuni a hanya, ya sauka Yawunde ya tarar an riga shi da kaya tuli, farashi ya faɗi, ga dabbobi sun rame, ga kuɗin ciyawa, tilas ya sayar a yadda aka taya. Lokacin da aka karya darajar sefa a watan Janairu na 1994 akwai waɗanda suka sallama garke a tsohon farashi a ƙauye don labari bai kai gare su da wuri ba. Yau kuwa kafin direba ya tada mota a Ngaoui ko Tibati, mai kaya ya san abin da ake ciki a Etoudi. Wata malama daga Amurka mai suna Jenny Aker ta yi bincike a kasuwannin hatsi na Nijar tsakanin 2001 da 2006, lokacin da wayar salula ke shiga gari gari, ta gano cewa bambancin farashi tsakanin kasuwanni ya ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin 100 a inda waya ta kai. Gero ta auna, amma mu mun ga irinsa a kan shanu da idanunmu. Ta zauren nan ne aka gane shanun wani ɗan'uwanmu da aka sace, saboda an sako hoton zanen da ke cinyarsu. Ta nan ne muke jin an rufe hanya, ko boru ya ɓulla a wata kasuwa. Wanda ya ce a zubar da wannan duka, bai lissafa asarar ba.

Abin da ya kamata mu tsaya mu duba shi ne yadda zauren ya tashi daga abin da yake a da ya koma abin da yake yanzu. Intanet mai ƙarfi a waya ya shigo Kamaru da zuwan Nexttel a 2014, sa'an nan MTN da Orange suka biyo baya a 2015. A wajen lokacin ne samarinmu suka buɗe zauren, kuma waɗanda ke ciki da farko ba su wuce mutanen da ke haɗuwa a sahu ɗaya a babban masallacin Briqueterie ba. Kowa ya san gidan kowa, ya san ubansa, ya san wanda ya yaye shi a sana'a. In mutum ya yi ƙarya da safe, da La'asar za a tare shi a bakin masallaci. A lokacin kamfanin ma bai yarda zaure ya wuce mutum 100 ba. A 2016 ya ƙara zuwa 256, a 2022 ya kai 512, kafin shekarar ta ƙare ya mayar da shi 1,024. Duk lokacin da suka faɗaɗa ƙofa, mu kuma sai mu cika ɗakin: mutanen Duwala, na Bertoua, na Garoua-Boulaï, masu kai kaya Kye-Ossi don Gabon da Ikwatoriyal Gini, da wasu da ba su taɓa riƙe igiyar sa ba a rayuwarsu. Jama'a ta ƙaru, sanin juna kuwa yana nan inda yake. Wani Bature ɗan Ingila, Robin Dunbar, ya yi lissafi a farkon shekarun 1990 cewa mutanen da ɗan Adam zai iya riƙe sanayya ta gaske da su ba su wuce kimanin 150 ba. Masana suna gardama a kan adadin har gobe, mu dai ba mu da ta cewa a gardamarsu. Amma kowane dillali ya san cewa akwai iyakar mahautan da zai iya riƙe halinsu da bashinsu a ka, in sun wuce nan sai ya fara cin amanar kansa.

A nan ne muke so mu tuna wa matasa abin da iyayenmu suka gina, domin wannan matsala tsohuwa ce, riga kawai ta sake. Ta yaya Bafillace zai koro shanu daga Banyo ko Tignère, ya kawo garin da bai san kowa ba, ya ba mahaucin da ba ya jin harshensa bashi, ya kuma kwanta ya yi barci? Amsar ita ce maigida. Baƙo yana sauka gidan maigida, a ba shi ɗaki, a ba shi tuwo, a ajiye masa kuɗinsa. Maigida yana da dillalansa, su kuma sun san kowane mahauci, wanda ke biya a kan lokaci da wanda ke jan ƙafa, da wanda aka yi wa haihuwa jiya kuɗinsa suka tafi suna. In aka sayar bashi mahauci ya gaza, maigida ne ke biyan baƙonsa daga aljihunsa, daga baya ya je ya nemi hakkinsa. Sunansa shi ne jarinsa, ran da aka ji ya bar baƙo ya yi asara, fatake sun daina sauka gidansa ke nan. Wani masani mai suna Abner Cohen ya zauna a Sabon Ibadan a 1962 da 1963 yana nazarin wannan tsari a wajen Hausawa masu shanu da goro, ya fitar da littafi a 1969. Wata Baturiya kuma, Polly Hill, ta rubuta irinsa a kan masu gidaje da dillalan Kumasi a 1966. Abin da ya ja hankalin masana shi ne yadda dukiya mai yawa ke tafiya ɗaruruwan mil ba takarda, ba banki, ba kotu, kuma ba ta ɓata. Har yau ana karanta littattafan a jami'o'i. Mu da muka gāji abin, sai ga shi mun buɗe gida mafi girma da muka taɓa buɗewa, mun bar shi ba maigida.

Ku duba bambancin da kyau. A tike, wanda ya kawo baƙo shi ke ɗauke da nauyinsa. A zauren waya, wanda ya tura wa baƙo mahaɗi ba ya ɗauke da komai, ko sunansa ba a sani ba. A tike, ba a sallama sai dillali ya zagaya sa, ya duba haƙori, ya taɓa tozo, ya ga tafiyarsa. A waya kuwa bidiyo na daƙiƙa ɗaya ya isa a tura jaka ɗari biyar, tun da MTN da Orange sun sauƙaƙa tura kuɗi, kuma kuɗin in sun fita, dawo da su sai wani ikon Allah. An ce ana yi wa layi rajista da katin shaida, gaskiya ne, amma ɓarawo ba da katinsa yake rajista ba.

Akwai wata malama, Elinor Ostrom, wadda ta sami kyautar Nobel a fannin tattalin arziki a 2009, mace ta farko da ta same ta a wannan fanni. Ta ƙare rayuwarta tana nazarin yadda jama'a ke riƙe abin da suka yi tarayya a kansa, kamar makiyaya, da ruwan ban-ruwa, da wuraren kamun kifi, ba tare da sun cinye shi sun cinye juna ba. Ta duba wurare da yawa, daga makiyayan duwatsun Suwizalan har manoman Sifen da Filifin, ta ga cewa waɗanda suka daɗe suna da wasu halaye iri ɗaya. Sun san wanda ke ciki da wanda ke waje. Su da kansu suke kafa dokokinsu, ba a aiko musu daga sama. Masu sa ido daga cikinsu suke. Hukunci yana farawa da sauƙi, sai an maimaita yake tsananta. Kuma akwai wurin sulhu na kusa wanda ba ya cin kuɗi. Masu nazarin yadda jama'a ke haɗuwa a intanet sun ɗauki waɗannan darussa suna auna zaurukan zamani da su. Mu da muka ji bayanin sai muka yi dariya, don kuwa duk abin da ta lissafa yana nan a rumfar Sarkin Tike tun kakanninmu. Zauren waya ma abin tarayya ne kamar burtali. Abin da ake kiwo a cikinsa shi ne yarda da kunnen jama'a, kuma kowa na iya sakin dabbarsa ta cinye.

Saboda haka ga abin da muke kira a yi. A raba zauren gida biyu. Ɗaya ya zama na zumunci, a bar shi a buɗe, a yi ta gaisuwa da sanarwar biki da ta'aziyya da wa'azi, wanda yake so ya yi muhawarar ƙwallon Indomitable Lions ma ga fili. Amma a rubuta a goshinsa cewa ba a ciniki a nan, wanda ya tura kuɗi a kan abin da ya gani a nan, shi ya sani. Na biyun ya zama na kasuwa zalla, kuma ba mai shiga sai wani maigida ko dillalin da ƙungiya ta sani ya tsaya masa, a rubuta sunan wanda ya tsaya masa a littafin sakatare, a takarda, da alƙalami. In baƙon ya ci amana, wanda ya tsaya masa ne zai zo gaban dattawa. Ba muna cewa lalle ya biya duka ba, wannan taro ne zai yanke, amma dole ya ji a jikinsa, in ba haka ba tsayawar ta zama wasa. Wayar kanta ta ba da dama: tun 2023 ana iya sa zaure ya zama ba mai shiga sai masu kula sun amince. A soke tsohon mahaɗin nan yau, ba sai gobe ba.

Mun san abin da za a ce, don an riga an fara faɗa mana. An ce wannan dabara ce ta masu gidaje da dillalai, sun ga waya tana neman cinye musu la'ada, suna so su dawo da mutane ƙarƙashinsu. Ba za mu yi musu ba, akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Wasu dillalai sun daɗe suna cin riba daga rashin sanin baƙo, su faɗa wa mai shanu wani farashi, su faɗa wa mahauci wani, kuma waya ce ta tona su. Irin waɗannan ba mu yi musu kuka. Amma dillalin da ke zuwa ya ga dabba da idonsa, ya sa sunansa a kan cinikin, la'adarsa halal ce, kuma yaron nan da ya yi asara zai gaya muku cewa da ya biya ta sau goma da ya fi masa. An kuma ce rufe ƙofa zai hana ƙananan yara da baƙi shiga sana'a, alhali unguwar nan tamu baƙi ne suka gina ta, daga Kano da Katsina da Yola da Borno, suka zo suka zauna kusa da wurin da ake gasa bulo har unguwar ta ci sunansa. Wannan magana tana da nauyi, kuma ita ce ta fi damunmu. Amma babu ɗaya daga cikin kakanninmu da ya shigo garin nan ta taga. Kowa gidan wani ya sauka. Abin da za mu tsare shi ne kada tsaya wa mutum ya zama abin sayarwa. In aka ji maigida yana karɓar kuɗi kafin ya tsaya wa yaro, a cire shi daga masu tsayawa. Kuma a ba kowane yaro da ya yi shekara biyu yana aiki a tike damar ya nemi dattawan ƙungiya su tsaya masa, ko da ba shi da kowa.

Sai batun farashi. Yanzu kowa na sako abin da ya ga dama, wani don ya karya kasuwa ya saya da araha, wani don ya ɗaga ta ya sayar. A zaɓi mutum ɗaya ko biyu a kowace babbar kasuwa da muke ɗauko kaya, su riƙa aiko murya ranar kasuwa, su faɗi sunansu, da sunan kasuwa, da ranar, da irin dabbar da suke magana a kai. Faɗin ranar yana da muhimmanci, don mun sha jin muryar wata uku da suka wuce tana dawowa kamar ta yau. Kamfanin WhatsApp da kansa ya ga illar tura saƙo barkatai, shi ya sa a 2019 ya taƙaita turawa zuwa wuri biyar a lokaci ɗaya, bayan jita-jita ta sa an kashe mutane a Indiya. Mu kuma mu ƙara namu takunkumin: abin da ba ka ji daga mai shi ba, kada ka sa shi a zauren kasuwa.

Akwai kuma abin da bai kamata a faɗa a kowane zaure ba, na zumunci ko na kasuwa. Ranar tafiya, da lambar mota, da cewa wane ya sayar da garke yana kan hanyar komawa gida. Mutanen Adamawa sun sha azabar zargina da masu sace makiyaya don neman fansa, akwai rugagen da suka watse saboda wannan. Ba ma zargin kowa a cikinmu, amma waya ɗaya mutum nawa ke taɓa ta a gida da wurin caji? Wanda ke son addu'ar tafiya ya je ya nema wajen mahaifiyarsa.

Maganar bashi ita ce ta fi zafi. Kwanan baya an sako hoton wani mahauci a zauren an rubuta ɓarawo a ƙasa, alhali kwana tara kawai ya yi jinkiri, matarsa na asibiti. Ya biya, amma hoton yana nan yana yawo har a wayoyin mutanen da ba su san ya biya ba. A tike ba haka ake yi ba. Ana fara yi wa mutum magana a keɓe, sa'an nan a kai wa Sarkin Fawa ko maigidansa, sa'an nan a zauna da shaidu, sai duk wannan ya gaza ake shelanta cewa kada a sake ba shi bashi. A bi wannan tsani a waya ma. Ba mai sa sunan kowa a zaure sai dattawan sulhu sun ba da izini, kuma in ya biya, a sanar a wuri ɗaya da murya ɗaya. Mu tuna kuma cewa dokar ƙasa ta watan Disamba 2010 a kan laifuffukan intanet ta tanadi ɗauri da tara ga wanda ya yaɗa labarin da ba zai iya tabbatarwa ba, kada garin neman jaka hamsin mutum ya tsinci kansa gaban alƙali.

Su wa za su riƙe zauren? Yanzu dai yana hannun samari biyu da suka buɗe shi, Allah Ya saka musu, sun yi ƙoƙari ba ko sisi. Amma bai dace abin da dukiyar jama'a ke bi ta cikinsa ya zama wanda ya riga taɓa waya shi ne sarki ba, kuma an ɗora musu nauyin da ya fi ƙarfinsu, don yaro ba zai iya korar sa'an ubansa ba. A zaɓi masu kula a taro kamar yadda ake zaɓen ma'aji, a haɗa dattijo da saurayi, ɗaya da ido ɗaya da yatsa, a sa musu wa'adi. A sa mai jin Fulatanci a ciki, da mai jin Faransanci, domin da yawa daga mahautan da ke sayen kayanmu a Mokolo da Mfoundi ba Hausawa ba ne, kuma sanarwar da rabin masu ciniki ba su fahimta ba ba ta da amfani. Duk doka a karanta ta da murya, saboda manyan masu shanunmu da yawa ba su karanta boko, kuma su ne suka fi kowa abin asara.

Abu na ƙarshe da muke roƙo shi ne kada littafin takarda ya mutu. A 2017 an yanke intanet a yankunan Arewa maso Yamma da Kudu maso Yamma na tsawon wata uku, 'yan'uwanmu na Bamenda sun ba mu labarin yadda suka koma aika yaro da saƙo. Sunayen mambobi, da wanda ya tsaya wa wane, da bashin da aka yi sulhu a kai, duk su kasance a rubuce a ofishin ƙungiya.

Za mu gabatar da waɗannan shawarwari a taron wata mai zuwa bayan sallar La'asar. Muna roƙon masu gidaje su zo da kansu, kada su aiko wakili, domin a kansu nauyin zai hau kuma muna so mu ji ta bakinsu ko za su iya ɗauka. Za a kuma zagaya da faranti don yaron nan, mu da muka yaba shanun mu ne za mu fara sakawa.